Kafin Ki Aika A Sayo Miki Rediyo Mai Memori

Kwanan baya na je Kusada duba yayata da ta yi fama da zazzaɓi, to a can ne na samo abin da za mu tattauna a kansa yau.

Ina shiga gidan sai na ji tsakar gida shiru, abin da ban saba ji ba ke nan, domin Yaya mace ce da ba ta iya aiki sai da abin saurare a gefenta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk wadda ta taɓa wannan sana'a ta san aiki ne na wuni guda cur, daga suyar gyaɗa zuwa surfe da niƙa, zuwa matsar tunkuza, zuwa tuya. Mace ta wuni a bakin murhu ba abokin hira, ai sai aikin ya ninka nauyi. Bayan mun gaisa na tambaye ta jiki, sai na ce, "Yaya, ina rediyonki?" Ba ta ce kome ba, ta dai nuna mini ƙarƙashin gado. Na leƙa, sai ga wani baƙin akwati mai hannu, girmansa ya kusa na bokitin fenti, ƙura ta rufe shi.

Ashe da ta ɗauki adashinta bayan kaka, ta ware kuɗi ta ba ɗanta na fari ta ce ya je Kankiya ya sayo mata rediyo mai memori, wanda yara ke ce wa MP. Iyakar abin da ta faɗa masa shi ne ya sayo mai kyau. Yaro kuwa ya sayo abin da ya ga ya yi masa kyau: ƙaton akwati mai fitilu ja da kore da ke wulƙawa in ana kiɗa, mai ƙarar da ake ji daga bakin masallaci. Wata biyu ana shagali. A na uku sai ya fara mutuwa kafin azahar, daga baya ma ko an kai shi wurin mai caji ya wuni ba ya riƙe wutar minti goma. Da aka kai wa mai gyara, ya ce batirin a ciki yake a manne, sai an fasa akwatin, kuma kuɗin aikin da na batirin sun kusa rabin kuɗin sabo. Ta ce da ni, "Kin san ba na iya yi wa yaron nan faɗa a kan abin da ni ce ban yi masa bayani ba." Gaskiyarta.

To wannan shi ne zancen. Yawancinmu ba mu ne ke zuwa kasuwa ba. Kuɗin namu ne, kunnen da zai saurara namu ne, amma idon da zai zaɓa na wani ne, ko maigida, ko ƙane, ko ɗa. An ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma tun da saƙon ya zame mana dole, sai mu san abin da za mu faɗa wa ɗan aiken dalla-dalla, kamar yadda ba wadda za ta aika a sayo mata atamfa ta ce a sayo mai kyau kawai, ba ta faɗi launi da zane da yawan yadi ba.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna zamanin rikoda. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kafin a ce haka ya cika garuruwanmu, har ya zama alhaji bai cika tsaraba ba in bai dawo da National Panasonic ba. Mun tuna yadda rikoda ke tauna zaren kaset, a ciro shi a hankali a naɗe da biro, da yadda muryar Shata ke yin kauri tana jan jiki in batir ya yi sanyi, har a ciro batiran a shanya su a rana wai su ƙara ƙarfi. Mun tuna zaman jiran Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna ko za a sa waƙar da muke so. Abin da ya kawo ƙarshen wannan wahala wata dabara ce da masana a ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙirowa, ta matse sauti ya zama ɗan ƙarami ba tare da kunne ya ji bambanci sosai ba, ita ce ake kira MP3. Wani kamfani a Koriya ta Kudu ya fitar da 'yar na'urar sauraronta ta aljihu a 1998, kamfanin Apple na Amurka ya biyo da tasa mai suna iPod a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Nijeriya. Su can sun yi yayinta sun gama, har Apple ya daina ƙera iPod a 2022, domin kowa ya koma sauraro ta intanet a wayarsa. Mu kuwa nan abin ya zo mana da wata siffa da ta dace da mu: ɗan rediyo ƙirar Sin, mai lasifika, mai ramin sa memori da na fulash, wani har da tocila.

Wata za ta ce, ai wayata ma tana ɗaukar memori, me zai sa in sake kashe kuɗi? Haka ne, tana ɗauka. Amma wayar da kika wuni kina jin waƙa da ita, ita ce za ta mutu da la'asar daidai lokacin da mai sarin mai zai kira ki, ga shi wuta ba kullum ba, caji kuma sai an biya. Ga muryarta 'yar ƙarama, ba ta iya ƙarar turmi ko ta tuya. Sa'an nan waya ba ta zama wuri ɗaya, yanzu yaro ya ɗauka ya yi wasa, an jima maigida ya ara. Rediyo mai memori ba ruwansa da kati, ba ruwansa da data, ba ruwansa da sabis. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Malumfashi, wayoyi sun koma tocila, amma mai karatu ko waƙa a memori ba abin da ya yanke mata.

Abu na farko da za ki kafa wa ɗan aikenki shi ne batir, domin nan ne ran abin yake, kuma nan ne ya kashe na Yaya. Ki ce masa ya juya rediyon ya dubi bayansa. In akwai murfi da ake zamewa a ciro batir, to madalla. In babu, ya ajiye shi ko da mai kanti ya rantse, ko da ya fi sauran kyan gani. Dalili kuwa shi ne duk batirin caji yana da iyakar kwanansa, kullum aka cika shi aka sauke yana raguwa kaɗan-kaɗan, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta masa tsufa. Saboda haka ba tambayar ko zai mutu ake yi ba, tambayar ita ce in ya mutu ya za a yi. Mai murfi, ki aika a sayo wani batirin ki sa da hannunki. Marar murfi, sai ƙarƙashin gado.

Batiran da waɗannan rediyoyi suka fi amfani da su iri biyu ne. Akwai mai faɗi irin na tsohuwar wayar Nokia, an rubuta BL-5C a jikinsa, wanda kusan duk mai sayar da kayan waya yana da shi, ko a Kusada ko a Gidan Mutum Ɗaya ba sai an je birni ba. Akwai kuma mulmulalle dogo, ya ɗan fi yatsa kauri, ana ce masa 18650, irin wanda ke cikin manyan tocilolin caji. Mulmulallen na gaske ya fi mai faɗin riƙe wuta nesa ba kusa ba, sau biyu ko sau uku. In aikinki na wuni ne kamar na Yaya, shi za ki nema. Amma fa a nan ma akwai ha'inci. Ana rubuta yawan wutar da batir ke ɗauka da lamba, a bayanta a sa mAh. Mai faɗin na ainihi wajen 1,000 yake ɗauka. Mulmulallen kuwa, mafi kyawunsa da manyan kamfanonin duniya ke yi bai wuce wajen 3,500 ba. To in kika ga an rubuta 8,800 ko 9,900 a jikin ɗan batir irin wannan, ki sani ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa mai irin wannan cika baki shi ne ya fi kowanne rashin ƙarfi. Ɗan aike ya auna shi a tafin hannu, jabun ya fi na kirki sakayau.

Wasu rediyoyin suna zuwa da ɗan faifan sola a samansu, masu kanti kuwa suna ƙara kuɗi saboda shi. Ba na cewa ba shi da amfani ko kaɗan, amma faifan da bai fi tafin hannu ba wutar da yake tarawa kaɗan ce ƙwarai, kuma kafin ya tara ɗin sai kin bar rediyon gaba ɗaya a cikin rana yana gasuwa, alhali zafi shi ne babban abokin gabar batir. Ni a ganina gara a ba da wannan ƙarin kuɗin a sayi batir na biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana wurin caji. In a gidanku akwai sola babba, shi ke nan sai ki riƙa yi a gida.

Tun da muna zancen zafi, bari in faɗi wani abu da ya shafi lafiya. Kada ki ajiye rediyon a gefen murhu ko kusa da kaskon tuya, ki rataye shi a ƙusa a inuwa inda za ki ji. Kuma ranar da kika ga batir ya kumbura kamar an hura shi, har murfin ya ƙi rufuwa, ki cire shi nan take. Kada ki ƙara sa shi a caji, kada ki bar yara su ɓula shi da ƙusa, kada kuma a jefa shi a wuta da shara. Irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, a ɗakin da ke da katifa da labule kuwa kin san abin da hakan ke nufi.

Bayan batir sai madannai. Wannan shi ne abin da maza ba su cika kula da shi ba, domin su da waya suke haɗawa ta bulutut su zaɓi waƙa a fuskar wayar. Ke kuwa da memori za ki yi aiki. A ce an zuba miki abu ɗari uku a ciki, kina son na ɗari biyu da goma. In rediyon ba shi da lambobi, sai dai ki yi ta danna na gaba, na gaba, sau ɗari biyu, hannunki duk mai. In kuwa yana da madannan lamba daga 0 zuwa 9 da 'yar fuska mai nuna lambar abin da ke ciki, sai ki danna 2, 1, 0 kawai ya kai ki. Wannan ba ya bukatar karatun boko mai zurfi, duk macen da ke iya kiran lambar waya za ta iya. Na ga wata tsohuwa maƙwabciyar Yaya da ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta haddace lambobin abin da ke cikin nata, ta san inda Yasin take, ta san inda Barmani Choge ta fara.

Abu na uku ba a ganinsa da ido, sai an gwada. Shin in aka kashe rediyon aka sake kunnawa, yana ci gaba daga inda ya tsaya ko kuwa yana komawa farko? Ga mai jin waƙar minti biyar wannan ba kome ba ne. Amma ga mai bin tafsiri ko wa'azi ko karatun littafi wanda zama ɗaya yake kai awa guda, babban abu ne. Kina tsakiyar sauraro a yi sallama, ko yaro ya faɗi, ko lokacin salla ya yi, ki kashe, in kin dawo ya mai da ke bismilla. Wasu suna tuna lambar karatun amma su mance mintin da aka tsaya, wasu suna tuna duka biyun, wasu ba su tuna kome. Gwajin ba wuya: a sa memori, a bari ya yi minti biyu, a kashe, a kunna, a ji daga ina ya tashi. Ki ce wa ɗan aikenki ya yi haka a gaban mai kanti kafin ya miƙa kuɗi. Ya kuma gwada danne madannin gaba ya riƙe, ya ga ko yana tura karatun gaba a cikinsa, ba tsallakewa zuwa wani ba.

Sauran abubuwan ba sai na daɗe a kansu ba. Ƙara ba ita ce kyau ba, a ƙure murya a ji ko lasifikar tana kakkarwa, sa'an nan a rage ta ƙasa a ji ko magana tana fita tar. In kina son labarun BBC da sauran tashoshin nesa, sai a duba a ga an rubuta SW a jiki, watau gajeren zango, domin da yawa FM kaɗai gare su. A ja eriya a ga ba ta lanƙwasa ba. Ramin caji ya zama irin na wayar da ke gidan, don kada igiya ta ɓace a rasa madadinta. Fitilu masu wulƙawa kuwa, wutar da za ki ji karatu da ita suke sha.

Yanzu sai memori, wanda shi ne wuri na biyu da kuɗin mata ke zurarewa. Ɗan abu ne da bai fi farcen yatsa ba, amma cikinsa da faɗi. A yadda aka saba matse waƙa, minti ɗaya yana cin wajen mega ɗaya, giga ɗaya kuwa mega dubu ne. Ke nan memori mai giga 8 yana ɗaukar abin da ya haura awa 130, watau kamar kaset 90 irin mai minti casa'in ɗin nan da muka sani. Wace mace ce za ta saurari awa 130 ta ce bai ishe ta ba? Saboda haka kada ki bari a ruɗe ki da babbar lamba. Giga 8 ko 16 ya wadatar, har da saura. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙananan rediyoyin nan ba su karanta memorin da ya wuce giga 32, sai ki sayi mai 64 da tsada ki sa, ya yi shiru kamar ba a sa kome ba.

Ha'incin da ake yi a memori ya fi na batir wuyar ganewa. Ana ɗaukar ƙarami mai giga 2 ko 4, a sauya masa bayanin cikinsa yadda in aka sa shi a waya ko kwamfuta zai nuna 32. Ana zuba masa kaya yana karɓa ba musu, sunayen duk suna fitowa a jere, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ba ya zama. Kin ga kamar a ba ki tulu a ce yana cin garwa huɗu, alhali daga rabi an toshe shi, sauran ruwan ta baya yake bi. Haka ta faru da kishiyar Yaya. Ta ba da kuɗi aka zuba mata tafsirin azumi na wata guda, ta ji na kwana shida lafiya lau, daga na bakwai sai rediyo ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauka rediyon ne ya lalace, har ta kusa sayar da shi a banza. Maganin wannan shi ne a sayi memori wurin wanda aka sani, mai kanti a zaune wanda za a iya komawa gare shi gobe, ba mai tallar da zai wuce kasuwar gaba ba. In an ga mai giga 32 da kuɗin mai giga 4, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sa'an nan in an gama zubawa, a saurari na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, tun ana wurin. Masu kwamfuta da suka san aikinsu suna da manhajar da ke auna ainihin cikin memori, ba laifi ba ne a ce su auna.

Ga wata dabara da na koya wurin tsohuwar da na ambata. Memori biyu gare ta, ƙanana. Ɗaya na karatun Alƙur'ani da wa'azi, ɗaya na waƙa da nishaɗi. Ta ce ba ta son ana idar da sura kalangu ya ɓarke. A na karatun, ta sa an fara zuba surorin a jere a memori wanda ba kome a cikinsa, daga ta 1 zuwa ta 114, don haka lambar da ta danna ita ce lambar surar. Wannan yana da muhimmanci, domin yawancin rediyoyin nan suna bin jerin yadda aka zuba ne, ba jerin sunaye ba, in mai turawa ya watsa su yadda ya ga dama haka za su fito miki a hargitse. Wanda ba ya cikin rediyo kuma tana ajiye shi a kwalin ashana a cikin adakarta, nesa da jikoki, don yaro yana iya haɗiye shi.

Wani abin da nake so mu yi hattara da shi, har ya fi asarar kuɗi, shi ne wane memori ne ke fita daga gidan. Mata da yawa suna cire na wayarsu su ba yaro ya kai wa masu tura waƙa. To a cikin wannan memorin akwai hotunanki na biki, da na cikin ɗaki ba lulluɓi, da na 'ya'yanki mata, da saƙonnin murya da kika yi da 'yan uwa. Da zarar an sa shi a kwamfuta, duk abin da ke ciki a buɗe yake, kwafe shi kuma aikin minti ɗaya ne. Ba na cewa duk masu wannan sana'a haka suke ba, mafi yawansu yara ne masu neman halaliyarsu. Amma kwamfutar ba mutum ɗaya ke taɓa ta ba, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Memorin rediyo ya zama na rediyo kaɗai, wanda ba a taɓa sa shi a waya ba. Wannan ma wani dalili ne na raba rediyo da waya.

Haka kuma ki faɗi abin da kike so a zuba miki da sunansa, in da hali ki sa a rubuta a takarda. In kika ce a cika miki kawai, za a cika da abin da samari ke yayi, a cikinsa kuwa akwai waƙoƙin da ba za ki so su tashi a tsakar gida surukarki tana zaune ba, balle yara su haddace su kai makaranta. Ki ce Shata kike so, mutumin Musawa, wanda ya rasu tun 1999 amma har yau ba a rasa mai sauraronsa a kowane gida a ƙasar Katsina. Ko Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013, wadda ta yi wa mata kirarin sana'a da ƙwaryarta, ko Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ko na zamani in su kike so, ko malamin da kika natsu da karatunsa. Kuɗinki ne. Kuma in an kawo, ki fara bi ki ji ke kaɗai kafin ki saki murya.

Sakin muryar ma da ladabinsa. Gidajenmu na haɗaka ne, ga abokiyar zama, ga jariri yana barci, ga tsoho marar lafiya a ɗakin waje. Na sha jin faɗan da aka fara daga rediyo aka ƙare a gaban maigida. Wasu 'yan mata suna guje wa wannan da sa abin kunne, iyafis, to shi ma da nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yawan sauraron ƙara, ta kuma ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 60 cikin ɗari na iyakar na'ura. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In mutum yana tsaye kusa da ke yana magana ba ki ji, ya yi yawa. Ga uwa kuwa akwai ƙarin dalili, wadda ta toshe kunnuwa biyu ba za ta ji kukan yaro ko rarrafensa wajen wuta ba.

Ban faɗi farashi ba da gangan, domin tun 2023 da darajar Naira ta faɗi kuɗin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba, abin da na rubuta yau yana iya zama tarihi kafin jaridar ta iso hannunki. Amma tsarin bai sauya ba. Akwai na can ƙasa, marar nauyi kamar fanko, wanda araharsa ce tallarsa. Akwai manya masu fitilu, waɗanda na samari ne da masu shago. Naki yana tsakiya, wanda za ki iya ɗauka da hannu ɗaya ki rataya. In an tashi lissafi a haɗa da kuɗin memori, da na turawa, da na batir na biyu, kada a kashe duka a kan akwatin. In wani naku zai shiga Katsina ko Kano, a kasuwar Sabon Gari ko ta 'yan waya da ke Farm Centre an fi samun iri-iri a zaɓa. Sai dai ki tuna, in abin ya ba da matsala bayan kwana uku, kuɗin motar mayar da shi ya fi kuɗinsa. Wani lokaci gara a ƙara 'yan kuɗi a saya a Kankiya wurin wanda ya san fuskar ɗan aikenki, a yi ƙa'ida da shi a gaban shaida cewa in ya ƙi aiki cikin mako za a canza, a kuma ajiye kwalin.

Kafin in baro Kusada na zaunar da ɗan Yaya na karanta masa duk wannan, na sa ya maimaita mini: mai murfin batir, mai lambobi, mai tuna inda ya tsaya, ba fitilu. Ya yi dariya ya ce, "To Gwaggo, ai wannan na tsofaffi ne." Na ce ai tsohuwar ce ta aike ka. Ni na cika rabin kuɗin, Yaya ta kawo rabi. Ya dawo da wani ɗan ja mai igiyar ratayawa, bai kai rabin kuɗin na farko ba, ya ce mai kantin har ya gaji da shi don gwaje-gwaje. Da na yi mata waya shekaranjiya ina jin muryar Barmani a bayanta tare da ƙarar tuya. Baƙin akwatin kuma an ciro shi daga ƙarƙashin gado, autarta ta mai da shi kujera.